Jijiyoyin Saƙo a Jikin Ɗan Adam

Kalmar jijiya ta ɗauki kaya da yawa a Hausa. Wadda jini ke gudana a cikinta jijiya ce, agara ta bayan dunduniya ita ma jijiya mu ke ce mata. To, akwai wata iri ta uku, fara, siririya kamar zare, ba jini ta ke kaiwa ba, saƙo ta ke kaiwa. Ita mu ke so mu yi magana a kanta.

Tushen waɗannan jijiyoyi biyu ne, watau ƙwaƙwalwa da laka, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya. Daga ƙwaƙwalwa jijiyoyi 12 su ka fito ta dama, 12 ta hagun, daga laka kuwa 31 ta kowane gefe, sa'an nan su ka rarrabu har kan yatsa. Waɗansu zarurrukan na kawo labari daga fata da ido da kunne, waɗansu na kai umurni ga tsoka. Akwai kuma masu lura da bugun zuciya da narkewar abinci, ba su jiran izininmu, ko barci mu ke yi.

Da me saƙon ke tafiya? Masunta na fadamar Kirikasamma sun san amsar da hannunsu, ko da ba su san sunanta ba. Kadan mutum ya laluba cikin homa ya kama minjirya, sai hannunsa ya fizge, ya yi ta zogi har kafaɗa. Babbar minjirya ta kan saki lantarki wajen bolt 300, ya fi na wayar gida. Jijiya kuwa da ɗan lantarki ƙanƙane ta ke aikinta kullum, shi ya sa ta ke ɗaukar dukan kifin nan tamkar umurni, tsoka ta murɗe ba da son mai ita ba. A 1850 wani Bajamushe, Helmholtz, ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya tarar wajen mita 30 ne a daƙiƙa. A jikin mutum mafi sauri ya kan kai mita 120.

Ga wani abin mamaki. Wanda ya taka ƙaya ya kan ɗage ƙafa tun bai ji zafin ba, zama laka ce ta ba da umurnin, ƙwaƙwalwa daga baya ta sami labari. Kamar hakimi ne a Kirikasamma, gobara ta tashi, ba ya jiran amsa daga fadar Haɗeja, a kashe wuta tukuna, kana a aika.

Amfanin sanin hanyoyin nan biyu ya bayyana ga cuta biyu da ƙasarmu ta sani ƙwarai. Shan inna ƙwayar cuta ce, ta kan shiga ta baki daga ruwa ko abinci mai ƙazanta, ta ɓata tushen jijiyoyin umurni a laka. Ƙafar yaron na jin taɓawa sarai, amma umurni ba ya isa gare ta, sai ta shanye. A 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka, ko da ya ke ba a daina ɗigon rigakafi ba.

Kuturta kuwa hanyar labari ta kan fara tarewa. Likita Hansen na ƙasar Norwe ya ga ƙwayarta a 1873. Mutane na tsammani ita ke gutsure yatsu, amma galibi ba haka ba ne. Hannun da ba ya ji ne ke ɗaukar tukunya daga wuta, fartanya ta goge shi, gyambo ya shiga, mai shi bai sani ba. Ashe zafin da mu ke ƙi, mai gadi ne. Maganinta kyauta ne tun 1995, ana sha wata 6 ko 12, amma jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta dawo.

Saboda haka mu da za mu riƙe aji, in mun ga tabo mai haske a fatar yaro, ba ya ƙaiƙayi, mu sa ya rufe ido, mu taɓa wurin da auduga. Kadan ya kasa nuna inda aka taɓa, mu gaya wa iyayensa su kai shi asibiti a makon nan.