Zaɓen Giyar Keken Hawan Dutse

Keken hawan dutse asalinsa daga Kalifoniya ne, a ƙasar Amurka. Samarin can ne suka soma gangarowa daga kan duwatsu da tsofaffin kekuna masu giya ɗaya, har suka fara tseren da a ke kira Repack a 1976. Yanzu akwai masu giya barkatai, amma waɗansu mahaya sun fi son mai guda ɗaya, don ba shi da nauyi, ba ya kuma yawan lalacewa. Sai dai wanda ya zaɓi giya ba daidai ba, gwiwoyinsa ne za su biya.

Ga yadda lissafin ya ke. A ƙirga haƙoran farantin gaba, inda feda ta ke, a raba su da na ƙaramin farantin baya. In na gaba 32 ne, na baya 16, amsa 2 ke nan. Watau in ka juya feda sau ɗaya, tayar baya ta juya sau biyu. In tayar mai inci 26 ce, ka ci wajen yadi huɗu da rabi. Taya mai inci 29 kuwa ta fi cin ƙasa, saboda haka 32 da 18 ne za su ba ka kusan wannan tafiya.

In ka ƙara haƙoran baya, hawan tudu zai yi sauƙi, amma a fili sai ka yi ta tuƙi keke na jan jiki. In ka rage su ka sami gudu, amma tudu zai sauke ka. Shawarata ita ce mai koyo ya fara da mai sauƙi, kamar 32 da 20, in ƙafa ta yi ƙwari ya rage.

Sa'an nan a duba jikin keken. Tun da ba abin da ke jan sarƙa, lalle ramin da tayar baya ke shiga ya zama dogo, yadda za a ja ta baya a ɗaure. In ramin tsaye ne, sai a sa 'yar na'urar da ke danne sarƙa. Sakin sarƙa kada ya wuce rabin inci, farantan biyu kuma su yi saiti, gama sarƙar da ta zame a kan tudu takan ka da mutum.

'Yan'uwana malaman gobe, in kun zo koyar da rabawa, ku shigo da keke aji, ku sa yara su ƙirga haƙoran da kansu.