Tsohuwar Zuma: Littattafan Amurka Masu Sake Haɗa Masoyan Sakandare

A cikin littattafan soyayya na Amurka akwai wani reshe da mai karatu kan san ƙarshensa tun daga shafin farko, amma hakan bai taɓa hana shi zaro kuɗi ya saya ba. Yarinya ce ta bar ɗan ƙaramin garinsu tana da shekara 18, ta yi karatu, ta samu aiki a babban birni. Sai rasuwar uba, ko rabon gado, ko bikin ƙawa ya tilasta mata dawowa gida. Ko kwana biyu ba ta yi ba sai ta yi kiciɓis da saurayinta na sakandare, wanda yanzu shi ne makanikin gari ko ɗan sandan gari, kuma har yau bai huce da yadda suka rabu ba.

Me ya sa sai sakandare? A can, ɗalibi kan yi shekara huɗu na ƙarshe a makaranta daga 14 zuwa 18, maza da mata a aji ɗaya, kuma ƙaramin gari sau da yawa makaranta ɗaya tak gare shi. Daren Juma'a duk gari kan hallara kallon ƙwallon makarantar, ƙarshen shekara kuma a yi dinar rawa, kowane saurayi ya zo da budurwarsa. Ana yaye su sai kowa ya kama gabansa: wani jami'a, wani soja, wani ya tsaya a gonar ubansa. A 1956 macen Amurka kan yi auren fari tana kusan shekara 20, don haka auren saurayin makaranta ba abin mamaki ba ne. Yau sai ta kai wajen 28, namiji kuma 30. Tsakanin son fari da ɗaurin aure an samu tazarar shekara goma ke nan, kuma a wannan tazara marubutan suka kafa kasuwarsu.

Tushen labarin ya girmi Amurka ta yau. A Ingila, littafin Jane Austen mai suna Persuasion, wanda ya fito a ƙarshen 1817 bayan rasuwarta, ya ba da labarin Anne Elliot da aka hure wa kunne ta rabu da Frederick Wentworth saboda ba shi da ko sisi. Bayan shekara takwas ya dawo yana hafsan sojan ruwa, da kuɗi da suna. Ba makaranta a ciki, amma ginshiƙan suna nan: manya ne suka raba, lokaci ya sauya matsayin kowa, zuciya kuwa ba ta sauya ba.

Ga marubuci wannan tsari riba ne. Ba sai ya ɓata rabin littafi yana nuna yadda baƙi biyu suka saba ba. Son yana nan tun da, ga kuma tsohon tabo da zai riƙe labarin. Shi ya sa da yawansu kan yi ta kai da komo tsakanin jiya da yau, babi ɗaya a ƙuruciya, na gaba a girma. Haka Carley Fortune 'yar Kanada ta yi a Every Summer After na 2022, wanda ta kafa a garin Barry's Bay na lardin Ontario.

Misalin da ya fi shahara shi ne The Best of Me na Nicholas Sparks, wanda ya fito a 2011 aka mai da shi fim a 2014. Dawson Cole ɗan gidan da aka sani da ta'asa ne, Amanda Collier kuma 'yar masu hali, a garin Oriental na Karolina ta Arewa, gari na gaske da mutanensa ba su kai 1,000 ba. Bayan shekara 25 jana'izar wani tsoho da ya taɓa ba su mafaka ta sake haɗa su. Sai dai Amanda matar aure ce da 'ya'ya, Dawson kuma mutuwa yake yi a ƙarshe. Wannan ne ya sa masu tsattsauran ra'ayi kan fannin ba sa ƙirga littafin a cikin nasu. Ƙungiyar marubuta soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta gindaya sharaɗi biyu: so ya zama shi ne jigo, kuma a ƙare cikin farin ciki. Wanda ya kashe jarumi ya karya alkawari da mai saye.

Shi kansa garin rabin kayan da ake sayarwa ne. Kusan kashi 80 cikin 100 na Amurkawa a birane suke zaune, da yawa ba su san sunan maƙwabcinsu ba. Sai Debbie Macomber ta ba su Cedar Cove daga 2001, Robyn Carr ta ba su Virgin River daga 2007, wanda Netflix ya mai da shiri mai dogon zango a 2019: garuruwan da mai gidan abinci ya san abin da kowa ke ci, tsofaffi kuma suna gulma amma da kyakkyawar niyya. A nan ne littattafan suka fi yin kwaskwarima. Masana'antar da aka rufe, da asibitin da ya tashi, da annobar ƙwaya da ta addabi ƙananan garuruwan Amurka, da wuya su samu fiye da shafi guda.

To a zahiri fa, tsohuwar zuma tana magani? Nancy Kalish, masaniyar halayyar ɗan Adam a jami'ar jihar Kalifoniya da ke Sacramento, ta fara bin sawun irin waɗannan masoya a 1993, ta wallafa sakamakon a 1997. Daga cikin mutum 1,001 da suka amsa tambayoyinta, fiye da kashi biyu bisa uku suna tare a lokacin binciken, kuma babban abin da ya raba su tun farko shi ne ƙin amincewar iyaye. Amma su ne suka kawo kansu, wanda kuwa ya ji daɗi ya fi saurin ba da labari.

Da intanet ta sauƙaƙa neman tsohon masoyi, Kalish ta sake bincike, hoton kuma ya sauya. Yawancin waɗanda suka sake haɗuwa a wannan karon suna da aure, kuma 'yan ƙalilan ne suka kai ga auren juna. Da yawa sun tashi da rigima a gidajensu. Marubutan sun san wannan rami sarai. Shi ya sa kafin jaruma ta sauka daga mota a bakin gari, an riga an share mata hanya: ko matar tsohon saurayin ta rasu ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya, ko aurensa ya mutu, ko kuma ya zauna gwauro shekara goma sha biyar ba tare da wani ya tambaye shi dalili ba.