Cutar Korona da Ɓarnar da Take Yi wa Zuciya da Hanyoyin Jini

A cikin watan Afrilu na 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Jihar Barno, bayan rasuwar wani ma'aikacin jinya da ke aiki a Pulka, cikin ƙasar Gwoza, wanda aka kawo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Wannan kuwa bai cika wata biyu ba da samun mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya, a Ikko, ran 27 ga Fabrairu. Galibin jama'a sun ɗauke ta ciwon ƙirji ne kawai, watau tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Amma tun da wuri likitoci suka lura ɓarnarta ba ta tsaya a huhu ba. Tana shiga hanyoyin jini, tana gajiyar da zuciya, sau da yawa kuma ta nan ne take yin kisa.

Abin da ya auku a Kano cikin wannan shekara ya isa shaida. Da aka binciki mace-macen da suka yawaita a birnin, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979, kuma wajen rabinsu ko fiye ana danganta mutuwarsu da korona. Yawancinsu dattawa ne waɗanda daman suna fama da wata cutar, irin su hawan jini da ciwon sukari.

Yadda ƙwayar cutar ke shiga

A jikin ƙwayoyin halittar mutum akwai wata 'yar ƙofa da masana ke kira ACE2, wadda aikinta na asali shi ne taimakawa wajen daidaita ƙarfin gudun jini. Ƙwayar korona ta wannan ƙofa take kutsawa. Ƙofar kuwa ba a huhu kaɗai take ba, akwai ta a zuciya, da ƙoda, da hanji, da bangon hanyoyin jini.

Cikin kowace hanyar jini akwai wani shafe mai santsi ƙwarai, kamar daɓen lambatu, wanda ke sa jini ya wuce sumul ba tare da ya maƙale ba. Idan cutar ta kama, jiki yakan tashi yaƙi da ita, wani lokaci ma yaƙin ya wuce kima, har shafen nan ya kumbura ya yi kaushi. Da zarar ya yi kaushi, sai jini ya fara daskarewa yana curewa guda-guda. Duk wanda ya taɓa ganin yadda tarkace ke toshe lambatu da damina a unguwannin Maiduguri ya san abin da zai biyo baya: abin da ke gaba ya rasa ruwa, abin da ke baya ya cika ya tumbatsa.

Inda gudan jinin ya tsaya, nan ne ɓarnar take. In ya toshe hanyar da ke ciyar da naman zuciya, sai bugun zuciya. In ya toshe ta ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa yakan fara ne a jijiyar ƙwauri, sa'an nan ya ɓalle ya bi jini har ya toshe hanyar huhu, mutum ya faɗi nan take. A 2020 likitoci a birnin Hamburg na Jamus sun binciki gawar mutum 12 da cutar ta kashe, suka sami daskararren jini a jijiyoyin 7 daga cikinsu, alhali ba wanda ya yi zaton haka suna da rai. Huɗu daga cikin goma sha biyun nan toshewar hanyar jinin huhu ce ta kashe su.

Ita kanta zuciya tana shan wuya ta wata fuskar. Ko da lafiya lau, takan buga wajen sau 100,000 a yini da dare. To, zazzaɓi yana ƙara mata sauri, ga huhun da ya kamu ba ya ba ta isasshiyar iskar oksijin. Aiki ya ƙaru, abinci ya ragu. Zuciyar saurayi takan jure, amma wadda hawan jini ya yi shekaru yana wahalarwa, tana iya gazawa. Wasu kuma naman zuciyar ne kansa ke kumbura, ko bugunta ya rikice.

Bayan zazzaɓi ya sauka

Nan ne mutane suka fi yin sake. A ɗauki misalin magidanci a Moduganari, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, tela, mai hawan jini. Ya yi mako guda kwance da abin da ya kira mura mai zafi, ya daina shan maganin hawan jininsa don a ganinsa magunguna sun yi yawa. Ya sami sauƙi, ya koma kan keke yana zaune tun safe har la'asar, cikin zafin bazarar Maiduguri da kan haura awo 40, ga shi ba ya shan ruwa sosai. Kwanciya, da dogon zama, da ƙarancin ruwa a jiki, kowannensu yana taimaka wa jini ya daskare. Idan bayan mako biyu ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, ba abin da za a shafa wa man zafi ba ne, ba kuwa abin kai wa wanzami ba ne. Asibiti ya kamata ya nufa a ranar.

Haɗarin kuwa yana daɗewa. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda ya bi diddigin tsofaffin sojojin Amurka fiye da 150,000 da suka kamu, ya nuna cewa har shekara guda bayan warkewa sun fi sauran mutane fuskantar gazawar zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da daskarewar jini. Abin ya fi tsanani ga waɗanda aka kwantar a asibiti, amma bai bar waɗanda suka yi jinya a gida ba. Ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa ran 5 ga Mayu 2023, ƙwayar ba ta ɓace ba, tana nan tana yawo cikin jama'a.

Game da allurar rigakafi, wadda ta fara isowa Nijeriya ran 2 ga Maris 2021, an yi ta raɗe-raɗin cewa ita ce ke daskarar da jini. Gaskiya ne an sami 'yan tsirarun mutane ƙwarai da hakan ta same su bayan allurar AstraZeneca, wasu samari ƙalilan kuma suka sami kumburin zuciya bayan wata irin allurar dabam. Amma cutar kanta ta fi jawo waɗannan abubuwa biyu nesa ba kusa ba.

Abin da ake bukata ga jama'a

Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya kuskura ya ajiye maganinsa don ya kamu da mura ko zazzaɓi, sai fa likita ne ya ce ya bari. A farkon annobar an yi fargabar cewa wasu magungunan hawan jini suna buɗe wa cutar ƙofa, amma bincike ya nuna ba haka ba ne. Har wa yau, kada kowa ya sayi maganin tsinka jini a kemis da ra'ayin kansa, domin yana iya jawo zubar jini a ciki. Wanda aka tabbatar naman zuciyarsa ya kumbura kuwa, likitoci kan hana shi aikin ƙarfi da wasan ƙwallo na wata uku zuwa shida.

Lalle ne kowane gida ya san alamun da ba a kwana da su. Ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji, musamman in yana sauka hannun hagu ko haɓa. Haki ga wanda da ba ya yi. Faɗuwar gaba ba dalili. Kumburin ƙafa ɗaya. Karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu farat ɗaya. In aka ga ɗaya daga cikinsu, a ɗauki mara lafiya zuwa asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne, a tafi da magungunan da yake sha, a kuma gaya wa likita in ya yi zazzaɓi da tari cikin watannin baya.