Ban ruwa: a bi agogo ko a bi sama?

Ƴan uwa masu garka na Maijirgi, da Tasawa, da Mayahi, ga magana da ta shafi aljihunku. A ƙasarmu rijiyoyi da yawa suna da zurfi. Mai jan guga yana biya da guminsa. Mai inji yana biya da kuɗin mai. Saboda haka ruwan garka ba abin ɓarna ba ne.

Yau akwai na'urar da ake haɗawa da famfo. Mai garka yana saka mata lokaci, kamar ƙarfe 6 na safe. Lokaci na yi, sai ta saki ruwa da kanta. Wani ɗan Nijar, Abdu Maman Kane, ya ƙera wata iri wadda ake kunnawa da wayar hannu. A 2015 ya ci babbar kyautar ruwa mai sunan Sarki Hasan na Biyu na Maroko.

Amma agogo ba ya ganin sama. Shi ya sa wasu na'urorin suke da ma'aunin ruwan sama. In an yi ruwa, sai su tsaida famfo. Mai garka ne ke zaɓa: wannan gefe ya bi sama, wancan ya bi agogo. Wanda ba shi da na'ura, shi ma wannan zaɓi yana gabansa kullum, musamman in bazara ta zo da hadarin farko.

A fara sanin awo

In kun ji a rediyo an ce ruwa ya kai milimita 1, ma'anarsa lita 1 ta zuba a fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Milimita 10 kuwa daidai take da butar ban ruwa mai lita 10 a wannan fili. Da zafin Afrilu da Mayu, rana da iska suna iya shanye lita 8 ko fiye a mita guda cikin yini ɗaya. Ke nan yayyafin milimita 2 ƙura kawai ya kwantar. Bai kai saiwa ba.

Waɗanda za su bi sama

Su ne masu doguwar saiwa: mangwaro, lemu, gwaba, zogale da rogo da suka kama ƙasa. In an yi ruwan milimita 10 ko fiye, a kashe famfo. A dakata yini ɗaya ko biyu. Ruwa kan ruwa yana wanke taki, yana ruɓar da saiwa.

Waɗanda za su bi agogo

Na ɗaya, fangalin renon iri. Saiwar ƙaramin tsiro ba ta wuce tsawon yatsa ba. A ƙasa mai rairayi yini ɗaya ya isa ya ƙone ta.

Na biyu, dashen da bai yi mako ba: tumatir, kabeji, salati.

Na uku, duk abin da ke ƙarƙashin rumfa, don ruwan sama ba ya isa gare shi sosai.

Waɗannan, ko hadari ya haɗu, a ba su ruwansu a kan lokaci. Hadari ba ruwa ba ne. Sau da yawa yana zuba a gari guda, ya bar na kusa da shi a bushe. Sai in ruwa ya zuba sosai a garkar kanta za a tsallake.

Albasa kuwa tana da nata tsari. In ganyenta ya fara kwanciya, a yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin cira. In ba haka ba, za ta ruɓe a rumbu.

Hannu shi ne alƙali

Ko da na'ura ko babu, a tona ƙasa zurfin tafin hannu. A damƙi ƙasar. In ta dunƙule, akwai laima, a jira. In ta watse, a ba da ruwa.

A tattauna a aji

1. Fangali mai mita 5 tsawo, mita 1 faɗi, ya sami ruwan milimita 10. Lita nawa ke nan?
2. A garkarku, wane shuka ne zai bi sama, wane ne zai bi agogo?

Ku rubuta amsa da hannunku, ku kai wa malamin ajinku.