Katakon roba: gara ta bar shi, saura a yi shawara da rana

Wani sabon kaya ya fara shigowa shagunan masu sayar da kayan gini, wato dogayen alluna masu kamar katako, masu launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka, waɗanda idan ka ɗaga ɗaya sai ka ji ya fi katako nauyi, idan ka ƙwanƙwasa kuma sai ka ji amon roba. A jikin kwalinsu an kan rubuta WPC, mu kuma a nan bari mu kira su katakon roba. Mai shago zai gaya maki, Hajiya, cewa gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, kuma ba ya son fenti har abada. Akwai gaskiya mai yawa cikin wannan magana. To amma wadda ta yi shekaru tana zubin adashi domin ta gyara barandar gidanta, ko ɗan kasuwar da ke tunanin zuba jarinsa ya cika kwantena da wannan kaya, ya kamata su san cewa ba don irin ranar Maraɗi ko Tawa aka fara ƙera shi ba.

Asalin abin daga Amurka yake. Can yawancin gidaje na katako ne, kuma a ɗage suke daga ƙasa, shi ya sa suke kafa wani dandamali na alluna a bayan gida inda iyali ke shan iska da gashin nama, kamar yadda mu muke da dakali da rumfa. Damuwarsu ita ce ruwan sama da ƙanƙara, waɗanda ke ruɓar da katako, ga wahalar shafa masa mai kusan kowace shekara. Daga nan aka samu dabarar haɗa garin katako na wurin kafintoci da narkakkiyar leda, a matso haɗin ta cikin inji ya fito a miƙe kamar taliya, a yayyanka. Kamfanin da ya fi suna a wannan sana'a shi ne Trex na jihar Bajiniya, wanda ya ɓalle daga kamfanin mai na Mobil a 1996. Kamfanin na cewa kashi 95 cikin 100 na kayan da yake haɗawa tsofaffi ne da aka sake sarrafawa, kuma dandamali mai faɗin murabba'in mita 46 na cinye leda wajen 140.000. Mu da muka kafa dokar hana leda tun 2014 amma har yau tana rataye bisa kowace ƙaya, wannan lissafi abin dubawa ne.

Allunan farko ba su zo da sauƙi ba. Tun da garin katakon yana leƙowa a saman allon, sai ya riƙa shan ruwa da maiƙo, ya yi baƙi-baƙi, launi ya koɗe, wani ma samansa ya riƙa ɓarewa, har magana ta kai kotunan Amurka a ƙarshen shekarun 2000. Wajajen 2010 ne kamfanoni suka koma sanya wa allon wata siririyar riga ta zallar roba mai tauri. Wannan riga ita ce abu na farko da mai saye zai nema. Ka ce a ba ka guntu ka dubi bakin yankan: mai riga za ka ga wata fata kamar kaurin farce ta zagaye shi, launinta dabam da na cikin. Marar riga kuwa ciki da waje duk ɗaya ne. Shi ne ya fi araha, kuma har yanzu ana yinsa da yawa a masana'antun ƙasar Sin, inda akasarin wanda ke isowa kasuwannin Afirka yake fitowa. A gidan da ake suya da man gyaɗa, yara na yawo da kwanon miya, marar riga ba zai yi wata uku da kyansa ba, domin ɗigon mai idan ya shige shi ya zauna ke nan.

Daga wannan bakin yankan dai za ka ga abu na biyu. Wani allon cike yake, wani kuma da ramuka a cikinsa tun daga wannan baki har wancan. Cikakken ya kan kai kilo 4 ko fiye a kowace mita, mai ramuka kuwa ba ya cika kai kilo 3 ba, shi ya sa ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin dako. Cikin masu ramukan ma, mai ramuka zagayayyu ya fi mai ramuka masu kusurwa huɗu ƙarfi, domin naman da ke tsakaninsu ya fi kauri. Wurin zaman mutum biyu da kujerun roba, mai ramuka ya isa. Amma inda za a taru ranar suna ko biki, a ja benci, a sauke buhu, gara a ɗaure a sayi cikakke. Turmi kam kada a kusanto da shi, ko wane iri ne. Sannan duk wanda ya sayi mai ramuka ya tabbata an toshe bakunan, in ba haka ba ya gina wa kunama da tururuwa gidan haya kyauta.

Yanzu mu zo kan babbar magana, wato rana. Roba tana riƙe zafi fiye da katako. Allo mai duhun launi da ya yini cikin rana ya kan wuce digiri 60, wannan kuwa ko a ƙasashen da zafinsu bai kama ƙafar namu ba. To ina ga watan Afrilu da Mayu a Yamai ko Konni, inda iskar kanta ke haura digiri 40? Mu kuma mutane ne masu tuɓe takalmi a bakin ƙofa, yaranmu na rarrafe a ƙasa, tsofaffinmu na shimfiɗa buzu su yi salla a baranda. Launin baƙin gawayi da ruwan kofi, waɗanda suka fi ɗaukar ido cikin littafin hotunan mai shago, su ne suka fi ƙuna. A ganina, wanda ba shi da rumfa ko inuwar bedi a wurin da yake son shimfiɗawa, ya fara kashe kuɗinsa kan rumfar tukuna. Idan kuma dole sai a fili, to a zaɓi launi mai haske, kamar ruwan rairayi ko toka mai fari-fari, wanda ko ƙurar hunturu ba ta cika nunawa a kansa ba. Gwajin ba shi da wuya: a karɓo guntaye biyu ko uku masu launi dabam-dabam, a ajiye su a wurin da za a yi aikin, da azahar a taka da tafin ƙafa.

Zafin nan yana da wata illa da ba a gani sai bayan an gama biyan mai aiki. Katakon roba yana miƙewa idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya ji sanyi, kuma ta tsawonsa ya fi yi. Allo mai mita 4 na iya ƙaruwa da milimita 5 ko 6 tsakanin sanyin asubar Janairu da tsakar ranar bazara. Kafintan da ya saba da katakon gaske, wanda gwanintarsa ita ce ya haɗa baki da baki ba ko kafar allura, shi ne zai ɓata wannan aiki. Idan alluna ba su samu wurin miƙewa ba sai su ture juna su yi doro. Dole a bar tazarar kamar milimita 5 tsakanin allo da allo, da kuma inda kai ya haɗu da kai, a bar fiye da haka a jikin bango. Ba a kuma buga masa ƙusa. Akwai wasu ƴan maƙalai da ake sayarwa tare da shi, masu shiga cikin tsagar gefen allon su riƙe shi amma su bar shi ya motsa. Mai shagon da ya kawo alluna bai kawo maƙalansu ba, rabin kaya ya kawo.

Batun gara ma akwai gyara a ciki. Gaskiya ne ba ta samun abin kirki a jikin allon, tun da roba ta lulluɓe garin katakon. Sai dai allon ba ya ɗaukar kansa, a kan sanduna ake shimfiɗa shi, kuma nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. A sayi allo mai tsada a ɗora bisa farin katako, shekara biyu gara ta cinye ƙasan, saman yana nan sabo fil amma yana lotsawa. Shafa baƙin mai na mota yana jinkirta ta ne kawai. Kakanninmu da suka riƙa neman azarar giginya daga yankin Gaya sun san abin da suke gudu. A yau abin da ya fi shi ne bututun ƙarfe wanda aka yi wa fentin hana tsatsa, ko alminiyam ga mai hali, a kan daɓen siminti mai ɗan gangare yadda ruwan damina zai wuce. Tazarar sandunan kada ta wuce santimita 40 ga cikakken allo, mai ramuka kuwa 30 zuwa 35. Mai aikin da ya buɗa tazarar don ya rage ƙarfe, da zafi ya sassauta robar za a ga wurin yana lanƙwasa ƙarƙashin ƙafa.

Akwai kuma abokin gaba da masu littafin hotuna ba su san da shi ba, wato garwashi. Murhun shayi na samari, kaskon turaren wuta na uwargida, mangal na kwanan sanyi: ƙwayar garwashi ɗaya ta faɗo za ta narka rami, kuma ba a kankare shi da takardar goge katako kamar na gaske, sai dai a cire allon ɗungum. Saboda haka a sayi biyu ko uku na ajiya tun farko. Lokacin hunturu kuma, da iska ta bushe, wani lokaci mutum zai ji ɗan tartsatsi idan ya taka allon ya taɓa ƙarfe. Ba ya cutarwa, yayyafa ruwa na rage shi.

Ga ƴan uwa ƴan kasuwa masu sha'awar kawo shi, lissafin a bayyane yake. Faɗin allo ya kan kama daga santimita 14 zuwa 15, kaurinsa milimita 21 zuwa 25, kuma ana yawan yanka shi mita 2,9 domin biyu a jere su shiga ƙaramar kwantena. Murabba'in mita ɗaya na cin kamar mita 7 na allo. Ke nan baranda mai mita 3 da mita 4 za ta ci alluna 29, a ƙara uku saboda yanke-yanke. Wannan lissafi ya kamata ita ma mai saye ta riƙe, domin wani da guda-guda yake faɗin kuɗi, wani da murabba'in mita, kuma kuɗin ƙarfe da maƙalai da ladan mai aiki ba sa ciki. Kaya ne mai nauyi, kwantena na kai iyakar nauyinta tun ba ta cika ba, ga shi tun rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin dako ya hau. A shago kuma a kwantar da shi a miƙe cikin inuwa. Wanda aka jingina da bango cikin rana zai karkace kafin ya samu mai saye. A kuma kula da zubi: launi ɗaya daga zubi biyu ba ya cika zama daidai ba, kuma sai an shimfiɗa ake ganin bambancin.

A yi hattara da wasu alluna masu tsaga-tsaga marasa nauyi da ake mannawa a bangon falo ko a yi silin da su. Su ma a kan rubuta masu WPC, amma na ado ne na cikin ɗaki, ba su jure taku ba balle rana. Haka nan garantin shekara 25 da ake gani a takardun manyan kamfanoni, ba ya bin kayan da ba a san masana'antarsu ba har Damagaram. Abin da ke hannun mai saye shi ne guntun samfur: ya karce shi da makulli, ya ɗiga masa mai ya bari ya kwana, ya jiƙa wani cikin bokiti kwana uku ya ga ko bakin zai kumbura.

To wa ya kamata ya saya? Inda katakon roba ya fi amfani shi ne wurin da ake son daɓe a ɗage: saman bene inda ake kwana lokacin bazara, bakin wurin wanka na otal, gaban shago da ake son ɗagawa daga ruwan damina, ko baranda mai rufi da ake son ta yi kyan katako ba tare da fargabar gara ba. Amma tsakar gida a fili, inda ake girki da daka da wanki, daɓen siminti ko karo marar santsi ya fi shi araha nesa ba kusa ba, ya fi shi jure wuta, kuma kowane magini a unguwa ya iya gyaransa.