Daidaita Lodi Tsakanin Zangunan Wayar Salula: Nazari a Kan Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana dalilin da yake sa kira ya ƙi shiga alhali kuwa waya tana nuna sabis a cike. Mun ɗauki misalanmu daga ƙananan hukumomi uku na arewacin Jihar Zamfara, watau Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, sau da yawa ba ƙarancin kafofin magana ne yake jawo cunkoso ba, rashin raba lodi daidai ne a tsakanin kafofin da ake da su.

2.0 Zango da Kafa

An fara aiki da wayar salula ta GSM a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001, bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi a watan Janairu na wannan shekara. An ba kamfanonin zanguna biyu, na megahaz 900 da na megahaz 1800. Kowane zango an yanyanka shi tashoshi masu faɗin kilohaz 200, kowace tasha kuma an kasa lokacinta kashi takwas. Kowane kashi shi muke kira kafa, domin magana ɗaya yake ɗauka. A tashar farko ta kowane turken sadarwa akan ware aƙalla kafa ɗaya don sarrafa kira, sai bakwai su rage wa masu magana.

Zangunan nan biyu halinsu ba ɗaya ba ne. Na 900 yana cin nisa, yana kuma ratsa bango, amma rabon da aka ba kowane kamfani a cikinsa megahaz 5 ne kacal. Na 1800 bai kai shi nisa ba, sai dai rabonsa ya kai megahaz 15.

3.0 Yadda Cunkoso Yake Aukuwa

Idan ba a tsara mata wani abu dabam ba, waya takan maƙale ne wa siginar da ta fi ƙarfi, wadda galibi ta zangon 900 ce. Mu ɗauki Shinkafi ran Alhamis, ranar da kasuwarta take ci. Fatake da dillalan shanu da direbobi sun hallara a wuri guda, dab da turke, wayoyinsu duk sun hau zangon 900 sun cika shi, alhali kafofin 1800 suna zaune ba aiki. Wanda wannan hali ya fi cuta shi ne mutumin ƙauye mai nisa, wanda zangon 900 kaɗai yake isa gare shi. A yankin da ake fama da 'yan bindiga, kiran da ya ƙi shiga yana iya zama na gargaɗi ko na neman mota a kai mai naƙuda asibiti.

A Ƙauran Namoda, inda layin dogo daga Zariya ya tsaya a 1929, lodin yana bin zaman ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983: ya ƙaru in suna karatu, ya ragu in sun tafi hutu. A Zurmi kuwa jama'a a warwatse suke cikin ƙauyuka har iyakar Nijar, don haka nauyin duka a kan zango mai cin nisa yake.

4.0 Magani da Lissafinsa

Mai jaki ya san in ɓangare ɗaya na mangala ya rinjayi ɗaya, kaya faɗuwa za su yi ko da ba su fi ƙarfin jakin ba. Haka abin yake a nan. Ana saita turke ya tura duk wayar da take kusa zuwa zangon 1800, a bar wa na nesa 900. In kafofin turke sun cika, akan miƙa sabon kira ga maƙwabcinsa. In abin ya tsananta, akan raba kafa ɗaya gida biyu, murya ta ɗan rage kyau amma mutum biyu su samu shiga.

Amfanin haka ya fito fili a lissafin da A. K. Erlang, mutumin Denmak, ya bayyana a 1917. Mu ƙaddara kowane mutum yana maganar minti ɗaya da rabi a awar da aka fi cunkoso, kuma mun yarda kira 2 cikin 100 ya ƙi shiga. Kafofi 7 za su wadaci mutum kusan 117. Rukuni biyu na kafofi bakwai-bakwai da ba sa taimakon juna za su ɗauki kusan 235. Amma in aka gama su suka zama 14 masu karɓa wa juna, sai su ɗauki kusan 328. An samu ƙarin kimanin kashi 40 cikin 100 ke nan, ba a sayi sabon zango ba, ba a kafa sabon turke ba.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne mu faɗi iyakar wannan dabara. Ba ta aiki sai in akwai inda za a juye lodin. Turken da man injinsa ya ƙare saboda hanya ba ta biyuwa, lodinsa kan maƙwabcinsa yake komawa, in ma akwai maƙwabcin. A watan Satumba na 2021, da aka rufe turakun Zamfara baki ɗaya don dalilin tsaro, sai da mutane suka riƙa fita jihar kafin su yi waya.

Don haka shawararmu biyu ce. Ta farko, a riƙa auna lodin kowane turke bisa ranar kasuwa, ba bisa matsakaicin mako ba. Ta biyu, a tsare wa ƙauyuka zangon 900, domin na cikin gari yana da zaɓi, na nesa kuwa ba shi da wata kafa sai ita.