Tsofaffin Wuƙaƙe Na Barin Jos, Kubensu Kuwa Na Ruɓewa

A cikin kayan gadon da ke salwanta a ƙasar Jos ba a faye ambaton wuƙa ba, domin kowa na ganinta a matsayin kayan aiki kawai. Amma akwai mutane, 'yan ƙasa da baƙi, waɗanda sha'awarsu ita ce tara tsofaffin wuƙaƙe ƙirar hannu, har dillalai kan bi ƙauyuka suna saye a hannun magada a kan kuɗi ƙalilan.

Ba banza ba ne Jos ta zama matattarar irin wannan sha'awa. Kafin zuwan Turawa, Birom da maƙwabtansu suna narkar da tama da kansu. Da aikin haƙar kuza ya bunƙasa, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Zariya a 1914, sai maƙera da dukawa daga Kano da Bauchi da sauran garuruwan Hausa suka biyo ma'aikata, kowa da irin ƙirarsa. A nan ne kuma Bernard Fagg ya kafa gidan adana kayan tarihi a 1952, shi ne kuma daga baya ya tono matoyar tama a Taruga wadda ta haura shekara 2,000. Sai dai jirgin da ya kawo maƙeran shi ne ya kashe narkar da tama, don kuwa guntayen ƙarfen Turawa sun fi araha, ba kuma sai an kwana ana zuga wuta ba.

Saboda haka abin da mai tarawa ke fara dubawa shi ne ƙarfen. Wuƙar da aka ƙera da tama takan nuna 'yan jijiyoyi baƙaƙe a jikinta, wato ragowar dattin da masaba ba ta fitar ba, kuma ba ta kai ta sifirin mota tauri ba. Ta sifirin kuwa sumul take. Wannan ba ya nufin ta sifirin ba ta da daraja, ai ita ma hannun maƙeri ce, sai dai kada a sayar wa mutum ita da sunan ta kaka da kakanni. Dillalai sun san yadda ake binne sabuwar wuƙa ta yi tsatsa, a rataye ta a madafa ta sha hayaƙi.

To, amma a ganinmu abin da ya fi cancantar kulawa shi ne kube, kuma shi ne aka fi wulaƙantawa. Ruwan wuƙa kusan iri ɗaya ne daga gari zuwa gari, kube ne ke faɗin inda ta fito da irin mutumin da ya riƙe ta. Baduku kan fafe itace biyu daidai da ruwan wuƙar, ya lulluɓe su da fatar akuya wadda majemi ya jeme da bagaruwa, ya rina ja da karan dafi, baƙi kuma da kuloko, sa'an nan ya yi zane ko ya saƙa siraran fata a bakin kuben. Wadda ake ɗaurawa a damtse, irin ta Buzaye da mafarauta, akan yi mata zoben fata. Ta mahauci ba ruwanta da ado. Wani lokaci maƙerin fari kan sa tagulla a ƙarshen kube don kada tsinin ya huda. Ke nan wuƙa ɗaya aikin mutum uku ce ko huɗu.

Ga shi kuwa fata ba ta da ƙarkon ƙarfe. Damina a Jos tana da laima, fata ta yi fumfuna, hunturu ya zo ta tsage. In dillali ya ga kube ya tsufa sai ya yar, ya kai wa baduku ya ɗinka sabo, ya goge wuƙar da yashi har ta yi ƙyalli, yana ganin gyara ya yi. Dukawan Naraguta, a kan hanyar Bauchi, gwanaye ne ƙwarai, amma sabon kube ba zai ba da labarin tsohon ba. Wanda ya gaji wuƙa, abin da ya kamata ya yi shi ne ya zare ta ya ajiye kusa da kubenta a wuri busasshe, domin barinta a ciki shekara da shekaru shi ke jawo tsatsa. Ya shafa wa ƙarfen ɗan mai, ya kuma rubuta sunan mai ita na farko da garinsa tun dattawan gidan suna raye.

Akwai kuma maganar doka, wadda da yawa daga masu sayarwa ba su sani ba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa makamai ƙirar gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, haka nan waɗanda aka yi amfani da su a bukukuwan gargajiya in suna da muhimmancin tarihi. Ba a fita da su daga Nijeriya sai da izinin hukumar, cinikinsu ma sai da wanda ta amince wa. Duk da haka wuƙa ƙaramar aba ce, tana shiga jaka ba wanda ya lura, in ta isa Turai kuwa sau da yawa abin da akan rubuta a kanta bai wuce sunan Afirka ta Yamma ba.